Kaset Ɗin da Kaka Hajo Ta Wanke

A gidanmu na Taloka, da an idar da sallar lisha ba a neman yaro ko'ina sai bakin murhun Kaka Hajo, mahaifiyar babanmu. Tana tura mana dankali cikin toka, tana zolaya. Ni take kira "maigida", irin wasan kaka da jika, wai mijin da bai san cefane ba sai ci. Dokarta ɗaya ce. In ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," sai an amsa, "Ta zo mu ji ta." In ba a amsa ba, bakinta ba ya buɗuwa. "Tatsuniya baƙuwa ta," in ji ta, "ba ta shiga gida sai an amsa mata sallama."

Ina ɗan shekara goma Kawu Bello, ƙanin babanmu mai jan motar albasa, ya dawo daga Kudu da wata tsohuwar kwamfuta ta gwanjo. Faifan maɓallai ce kawai, a jona ta da talabijin, a jona su da batirin mota. Tana da rami a baya inda ake cusa kaset, wani baƙin abu kamar sandar sabulu mai haƙora masu ƙyalli. Akwai kuma sanda mai jan maɓalli da ake jonawa ta gefe, da ita ake tuƙa jirgi ana harbi. Kaset ɗaya ke aiki, shi ma sai mun yi ta hura masa iska kafin ya kama.

Muka watse daga bakin murhu. Sai batir ya mutu an kai shi caji Goronyo muke komawa wurinta, ko kunya babu. Ta dube mu ta ce, "Amarya ta tai ganin gida, an tuna da tsohuwa?" Amma dankalinmu na nan a toka.

A irin wannan dare ne ta ba mu labarin wani manomin albasa. Kullum ya je fadama da safe sai ya tarar an yi masa ban ruwa, kowane fangali ya sha ya ƙoshi. Maimakon ya gode, sai ya ce duk mai shiga gonar mutum ba izini ɓarawo ne. Ya haƙa rami mai zurfi a bakin rijiya, ya rufe da kara da ciyawa. Gari na wayewa ya ji nishi daga ciki, ya matsa ya leƙa.

"Wa ya gani?" muka tambaya baki ɗaya.

"Sai gobe," ta ce. "Mai son jin ƙarshe shi taho da kunnuwa nai."

Washegari aka kawo batir. Na dawo daga makaranta a guje, na tarar da kaset ɗin kife a kan faifan kaba a rana, kusa da cokulanta.

"Na ga kullum kuna hura mai kamar masu tohi," ta ce tana murmushi. "Ƙura ta cika shi, maigida. Na wanke maka shi tas."

Na fizge shi, na goge da rigata, na cusa a ramin. Talabijin ya yi fari, wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya tashi, shi ke nan. Kwamfutar ba ta sake motsi ba.

Abin da na faɗa mata ranar, har yau ba na iya maimaita shi duka. Na ce da gangan ta yi, don baƙin ciki. Ta ce, "Mi ni yi maka da zahi haka?" Ban tsaya ba. Na tara ƙannena da 'ya'yan Kawu na ce duk wanda ya amsa mata da dare, ni da shi ne.

Muka je muka zauna, don ta gan mu. Ta gyara wuta ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Shiru. Ta sake. Ƙanwata Luba ta buɗe baki, na mintsine ta. Kaka ta faɗa karo na uku, a hankali, idonta a kaina. Sannan ta tono dankalin ta raba mana, ta shige ɗaki. Ba ta ƙara buɗe tatsuniya ba, ni kuma girman kai ya hana ni roƙo. Da damina ta kwanta ciwo, kafin a yanke gero ta rasu.

Na daɗe ina tambayar tsofaffi, daga Wurno har Rabah, wa manomin ya gani a rami. Ba wanda ya san labarin, da alama ita ta ƙaga abinta. Sai da na girma na daina tambaya, don na gane ko ma waye ya faɗa ramin, mai ƙaunar manomin ne.

Yanzu gyaran waya nake yi a Goronyo. Lokacin da nake koyo, na ba maigidana labarin kaset ɗin ina 'yar dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce ruwa ba ya kashe irinsa in an bar shi ya bushe, wanda ya jona shi da danshi shi ya ƙona na'urar.

Ashe ita ta shanya shi a rana yadda ya kamata. Ni na ɗauke shi kafin ya bushe. Ta kuma tafi kabari tana zaton ita ta ɓata mini abin wasa.