Kujerar Falon Baƙi

A garin Meda kowa ya san kaifin bakin Nives, kowa kuma ya san kujerarta. Mijinta Egidio kafinta ne, ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar kujeru. Ranar da ya ajiye aiki aka sallame shi da ɗaya daga cikin waɗanda hannunsa ya haɗa, wata siririya mai mazaunin saƙa, wadda yatsa ɗaya ya isa ya ɗaga ta. Irinta ce masu hannu da shuni na Milan ke rububi a yau.

Nives ta ƙunshe ta a leda ta kai falon baƙi, ɗakin da ba a buɗewa sai Kirsimeti ko rasuwa.

"Da wannan tumbin naka? Kar ka kuskura!" take ce masa in ya leƙa. "Ga benci can a kicin."

Bawan Allah ba ya musu. A bencin nan ya tsufa, yana karkata hagu saboda ciwon ƙugu, yana tsoma burodi a miya, har ya rasu.

Bayan rasuwar, wani dillalin tsofaffin kujeru mai suna Tullio ya zo gani. Nives ta dafa kofi ta tara maƙwabta, don kowa ya shaida abin da take taƙama da shi.

"Ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba," in ji ta.

Tullio ya yaye ledar, ya shafa mazaunin, ya yi dariya. "Haba Mama! Dubi yadda saƙar ta lotsa ta hagu. Wani ya daɗe yana shan daɗinsa a nan."

Rosalba ta gidan da ke kallon nasu ta sunkuyar da kai.

"Duk Lahadi in kin tafi coci muna hango Egidio ta taga zaune a kanta," ta ce a hankali. "Kafin ki dawo ya mayar da ledar, har da irin ƙullinki."

Ashe duk layin sun sani. Kunya ta lulluɓe Nives, ta rasa inda za ta sa idonta. Mutumin da ya ƙera kujera, sai ya saci zama a kanta a cikin gidansa!

Ta sallami Tullio ba ciniki. Da kowa ya watse, ta ɗauki kujerar ta kai kicin, ta ajiye a gurbin Egidio. Ta daɗe tsaye tana kallon lotsawar nan, sannan ta jawo bencin ta zauna.