Ni ne Agogon ajinmu

Ƙarfe tara saura kwata na safiyar wata Asabar na shiga harabar tsohuwar makarantarmu a Maraɗi. Mutum huɗu na tarar: mai gadi, da mata biyu masu ɗora tukwane a bayan azuzuwa, da tsohon sarbeyan ɗinmu, wato malamin da ke kula da tarbiyya da lokaci a zamaninmu. An zaunar da shi kan kujerar ƙarfe a inuwa, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Idonsa ya riga ya tafi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa mini kamar yadda ake amsa wa kowa, ban kuwa matsa masa ba, don na ga akwai sauran yini a gaba.

Taron cika shekara ashirin ne da shigarmu aji na farko na lise, wato sakandare. Ƙasa a lokacin taron tana cikin hayaniya. An buɗe jam'iyyu, kowace unguwa da tutarta, ƴan uwa na ciki ɗaya ba sa cin tuwo tare saboda siyasa. Malamai suna yajin aiki, makarantar a rufe, shi ya sa ma aka ba mu harabar ba tare da wahala ba. Kwamitin shirya taro ya kafa doka cewa kada kowa ya zo da hular jam'iyya, kada kuma a yi zancen zaɓe. Ni na kawo shawarar dokar, aka karɓa.

Sai na fara bayyana abin da ya sa na zo da wuri, don mai karatu ya bi zancen daki-daki.

Makarantarmu ba ta da ƙararrawa. Abin da muke da shi janti ne, wato ƙarfen ƙafar babbar mota, an rataye shi da sarƙa a reshen bishiyar bedi gaban ofishin sarbeyan. Tun watanmu na farko sarbeyan ya lura cewa kullum ni ke fara isowa, kuma bencina yana jikin taga inda ake hango agogon bangon ofis. Ya kira ni, ya miƙo mini guntun ƙarfe mai tsawon kamu ɗaya, ya ce daga yau ni ke bugawa. Shekara huɗu na yi ina wannan aiki, shiga da fita da hutun tsakiya, damina da rani. Ina da bugu nawa da ni na tsara shi: uku, a dakata, uku, a dakata, sannan ɗaya mai ƙarfi a bar shi ya mutu da kansa. Ƴan aji suka laƙaba mini suna Agogo, har ƴan manyan azuzuwa da malamai suka ɗauka. Ban taɓa zuwa na ɗaya a aji ba, ban iya ƙwallo ba, faransancina kuma na aiki ne kawai. Da muka yi jarrabawar aji huɗu ban ci gaba ba, na nemi aiki, na samu a gonakin ban-ruwa na Jiratawa, inda nake tsara wa manoma rabon ruwa har yau. Ranar da na je sallama, sarbeyan ya ce in riƙe guntun ƙarfen nan kyauta, za su nemi wani. Abokaina sun fita da manyan takardu. Ni da ƙarfen nan na fita da sunan Agogo, kuma sun ishe ni.

A ajin namu akwai wani yaro da ke zuwa daga Tibiri a kan keken wansa, wanda kaca ba ta zama a jikinsa. Bai taɓa riga janti ba. Kullum sai na yi bugun ƙarshe sannan in hango shi a bakin ƙofa yana tura keke, hannuwa baƙi ƙirin da man kaca, sarbeyan yana jiransa da bulala. Sarkin Makara muke ce masa. Shi ma bai wuce aji huɗu ba. Ya bi motocin fatauci zuwa Jibiya da Katsina, Allah ya buɗa masa, ya zama Alhaji mai manyan motoci da shaguna a Sabon Gari. Ban taɓa jin zafin dukiyarsa ba, Allah shaida. Kowa da rabonsa.

A zaman kwamiti na ƙarshe, a gidan shugabarmu, wata likita da ke zaune a unguwar Zariya, aka yi ta gardama kan wanda zai buɗe taro. A cikinmu akwai ɗan majalisa na wannan jam'iyya, akwai kuma babban darakta na waccan. In an ba ɗaya, mutanen ɗayan sun ce ba za su zo ba. Daga ƙarshe likita ta ce:

"To a bar jawabin buɗewa. A buga janti kawai kamar da, kowa ya shiga aji. Janti ba shi da jam'iyya."

Kowa ya yi na'am. Ba wanda ya ambaci mai bugawa, ni ma ban tambaya ba, don ban ga abin tambaya ba. Na koma gida na fito da ƙarfena daga ƙasan akwati, na goge shi da toka da ɗan mai, na naɗe shi a tsumma. Ran taron yana cikin aljihun babbar rigata, yana ja mini ita gefe ɗaya.

Ƙarfe tara da aka sa ta yi, ta wuce. Mutane suka riƙa shigowa ɗai-ɗai, wasu a mota, wasu a babur, wasu da matansu da ƴaƴansu. Aka yi ta rungume juna da tsokana.

"Kai, ina gashin kanka ya tahi?"

"Inda haƙoranka suka tahi, can shina jiransu."

"Wanga tumbi na albashi ne ko na kamfe?"

"An hana zancen siyasa, malam!"

Wasu sun gane ni nan da nan, wasu sai da na faɗi benci na nawa nake zama. Ban damu ba. Na san da zarar na buga, kowa zai tuna.

Sai kusan goma Alhaji ya iso, shi ne na ƙarshe, kamar yadda ya saba. Motar ɗaukar kaya na biye da shi da raguna gasassu da kwalayen lemo. Aka tashi da ihu, ana Sarkin Makara bai tuba ba. Shi ma yana dariya, yana rantsuwa cewa wannan karon ba kaca ba ce, masu gashin nama ne suka tsayar da shi. Ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Mutumin kirki ne, ba zan rage masa wannan ba.

Likita ta tafa hannu, aka yi shiru. Ta ce kwamiti ya ga ya dace wanda ya ɗauki nauyin abincin yau, wanda kuma kowane ɓangare yake shiri da shi, shi ya buga janti. Ta ƙara da cewa ai abin ban dariya ne, wanda janti ya fi wahalarwa yau shi zai rama. Aka tafa. Ni ma ina cikin kwamitin, amma ban san lokacin da aka ga hakan ya dace ba.

Alhaji ya je gindin bedi ya naɗe hannun riga, ya duba sama da ƙasa, babu abin bugu. Mai gadi ya ce ƙarfen yana cikin ofis, mabuɗi kuma yana wurin wanda ke yajin aiki. Aka shiga neman dutse. Wani ya kawo guntun bulo, ya marmashe tun kafin a buga. Wani ya ce a ɗauko abin ɗaga mota. Ina tsaye ina kallon agogon hannuna. An riga an makara da fiye da awa guda, tsoho yana zaune tun safe, ga manya suna yawo cikin rairayi suna neman dutse kamar yara. Da na yi shiru, wataƙila da an gaji an ce Agogo ya zo ya san yadda zai yi. Amma ban iya ganin lokaci yana zubewa ina da maganinsa a aljihu. Na fito da ƙarfen, na warware tsumman, na miƙa masa.

"Kai kuwa da shirinka kake yawo," in ji shi. Ya juya ya fuskanci janti.

Na yi tsammanin zai yi bugun mahaukata, irin na mai korar tsuntsaye a gona. Bai yi ba. Ya buga uku, ya dakata. Ya buga uku, ya dakata. Ya buga ɗaya mai ƙarfi, ya sauke hannu, ya bar ƙarar ta mutu da kanta. Ko ni ba zan fi haka ba. Daga baya na gane dalili. Shekara huɗu yana jin bugun nan daga nesa yana gudu da keke, gabansa na faɗuwa. Duk ajin ba wanda bugun ya shiga jikinsa kamarsa.

Kafin ƙarar ta gama mutuwa, tsohon sarbeyan ya miƙe da sandarsa ba wanda ya taimake shi. Ya ɗaga murya irin ta da:

"Agogo ne! Wallahi Agogo ne! Hannun nan ban mance shi ba. Ku kawo mini shi."

Aka fashe da dariya da tafi. Aka ja Alhaji aka kai shi gaban tsoho, tsoho ya riƙe hannunsa yana shafawa, yana cewa yaro nagari, shekara huɗu bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Waɗanda suka sani suna dariya don sun ɗauka raha ce. Waɗanda ba su sani ba, mata da ƴaƴa da ƴan ajin baya da suka zo kallo, suna tafi don sun ɗauka gaskiya ce. Alhaji ya ce masa, da kiran da muke yi wa malamai, "A'a Mushe, ga Agogo can," ya nuna ni da ƙarfen da ke hannunsa. Sau ɗaya ya faɗa, cikin hayaniya, tsoho kuma kunnensa ya yi nauyi. Ɗan majalisa ya dafa kafaɗar Alhaji ya ce a bar tsoho da farin cikinsa. Aka wuce aji.

Na zauna a bencina na jikin taga. Aka kira sunaye, aka yi wa mamatanmu addu'a, aka ci nama. Duk wanda ya wuce Alhaji sai ya ce "Agogo, a miƙo lemo," a yi dariya. Zuwa azahar dariyar ta fara raguwa, sunan ya zauna. Na ji matar wani tana gaya wa ɗanta ya ga abin da kiyaye lokaci yake kai mutum. Zan faɗi abin da na ji da sunansa: kishi ne. Motocinsa ba su taɓa hana ni barci ba, amma hannun tsohon nan a kan hannunsa ya hana ni. Mutum yana da shaguna da gonaki da hajji biyu, ni ina da abu ɗaya, aka ɗauka aka ɗora masa a kan nasa, shi bai ma nema ba.

Da la'asar na yi niyyar zuwa in durƙusa gaban sarbeyan in faɗa masa a kunne. Na tarar an riga an sa shi a motar Alhaji za a mai da shi gida. Na ce zan je gidansa mako mai zuwa. Aikin rabon ruwa ya riƙe ni, lokacin dashe ne. Kafin in samu sarari aka yi sanarwar rasuwarsa. Allah ya jiƙansa. Ya tafi da saninsa cewa ya riƙe hannun Agogo.

Washegarin taron, wani wakilin rediyo da aka gayyato ya ba da labari, ya ce attajirin da ya buɗe bikin shi ne mai buga ƙararrawar makarantar a zamanin ƙuruciyarsa. Uwargidana tana tankaɗe ta tsaya ta dube ni.

"Malam, ashe ba kai kaɗai ba ne?"

"Ni kaɗai ne."

"To mi ya sa ba ka yi magana ba?"



Abu na ƙarshe ya faru bayan an koma karatu. Alhaji ya yi wa makarantar kyautar ƙararrawa ta lantarki, ya roƙi a ba shi tsohon janti don tunawa, aka ba shi. Ya kai shi lambunsa na Jiratawa ya rataye, ana kiran ma'aikata da shi. Lambun yana kan layin ruwan da nake kula da shi. Duk safiya ina jin sa, kuma da buguna ake buga shi, domin shi ya koya wa mutanensa. Wata rana na same shi a bakin magudana, na ce masa ina son ƙarfena da ya tafi da shi tun ran taro.

"Wane ƙarfe? Af! Don Allah ka yi haƙuri, ai na ɗauka na makaranta ne."

Nan take ya aika aka kwanto shi, ya miƙo mini da hannu biyu. Na ce masa akwai kuma sunan. Ya yi dariya har ya dafa ni, ya ce:

"Haba Agogo, wa zai ƙwace maka? Ni da kai mun san gaskiya. In mutane sun kira ni, in tsaya in yi ta gardama da su a kasuwa?"

Ya yi gaskiya ta wani gefe. Amma suna ba a ajiye shi tsakanin mutum biyu. Yanzu a Sabon Gari har direbobinsa Alhaji Agogo suke cewa, ƴan ajinmu kuma suna raguwa, waɗanda suka rage wasu sun fara cewa ai kamar su biyu ne suke yi. Ba mu biyu ba ne. Ƙarfen yana ƙasan akwatina, amma ƙarfe ba ya magana.

Saboda haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In ka yi makarantar nan a shekarun da janti ke rataye a bedi, ko mahaifinka ya yi, ko ka zauna a wani wuri aka kawo zancen nan, kada ka yi dariya ka wuce. Ba na son a ci mutuncin Alhaji, bai yi mini laifi ba. Ka dai ce: ɗan Tibiri shi ne Sarkin Makara, mai buga janti kuwa yaron da ke zama jikin taga ne, kuma yana nan da ransa a Jiratawa. Ka faɗa da ƙarfi yadda za a ji, in ba a ji ba ka sake faɗa.