Agogon Baba Birki

Ƙarfinsa duk a kan sitiyari ya ƙare, yana jan motar ma'aikatan wani kamfanin sabulu. Fasinjojinsa ne suka laƙaba masa Baba Birki, don idan ya taka birki sai na kujerar baya ya gaisa da na gaba. Ba lungun da bai sani ba a garin. Da ido ya fara yi masa gardama aka sallame shi, ya koma zama gidan ɗansa mai shagon wayoyi. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa biyu ne, wannan ɗan da Auta, wadda take ɗinki.

Mijin Auta mai gidan mai ne, kuma shi ya buɗe wa yayanta shagon. Shi ya sa duk ranar da ta zo da kumburarren ido, yayan sai ya ce, "Ke ma ai bakinki ba ya shiru." Ranar da mijin ya karya mata hannu, ta goya 'yarta ta ɓace. Ta kama wani ɗaki a bayan shagon buga takardu, mai ƙofar langa-langa da taga ɗaya. Duk duniya ubanta kaɗai ta gaya wa.

An lallashi tsohon ya faɗi inda take, an yi masa tsawa, amsarsa ɗaya: "Ni direba ne, ba ɗan sanda ba."

Ana nan sai ɗan ya shigo da wani ƙaramin kwali. "Baba, ga agogo na sayo maka. Yana auna bugun zuciya. Ko wanka za ka yi kada ka cire."

Tun da yaron ya girma ko hula bai taɓa ba shi ba. Baba Birki ya yi ta juya hannu yana kallo, har ƙwalla ta cika masa ido. A majalisar ƙofar gida kuwa ya ishi abokansa. "Ku ku je layin asibiti. Ni likitana a hannuna yake."

Idan zai je wurin Auta, sai ya fito da duk dabarar tsohon direba. Ya shiga kasuwa ta wata ƙofa ya fita ta wata, ya hau motar da ba ta yi can ba, ya sauka, ya ratsa asibiti ya ɓulla ta baya, yana waige. Ya isa yana haki, ya ce mata, "Kwantar da hankalinki. Wanda zai bi sawuna ba a haife shi ba."

Wata rana da hantsi yana zaune a tabarma, jikar tana kan cinyarsa tana danna agogon don ta ga ya kawo haske, aka bankaɗo ƙofa. Mijin ne da ƙarti biyu, ɗan Baba Birki na bayansu riƙe da waya.

"Ke na gama da ke," mijin ya ce wa Auta. "'Yata na zo ɗauka."

Ya fizge yarinyar tana ihu. Baba Birki ya cafki rigarsa, ɗaya daga cikin ƙartin ya hankaɗa shi, ya faɗa kan keken ɗinki, bakinsa ya fashe. A bakin ƙofa mijin ya juyo. "Suruki, na gode da rakiya."

Auta ta dubi ubanta. "Baba, ashe kai ne."

Ya shiga rantsuwa, jini na zuba a gemunsa. Ɗan ya tsuguna ya kara masa wayar a fuska. Taswirar gari ce, da wani jan layi da ya yi ta nannaɗewa kafin ya tsaya cak.

"Ga kasuwa, ga asibiti, ga inda ka sauka a mota. Agogonka ne yake turo mana. Muna zaune a shago muna kallonka kana ta kewaye. Wallahi Baba, dariya har da hawaye."

Washegari ya koma, ya tarar da kwaɗo a ƙofar. Mai buga takardu ya leƙo ya ce, "Ta tashi. Ta ce ta san ba da saninka ba ne. Amma ka yafe mata, ba za ta ƙara gaya maka inda take ba."

A hanyar dawowa ya jefa agogon cikin kwata. Kafin mako ya zagayo ɗan ya kawo wani, wanda ba ya kwancewa sai da ɗan makulli. Ya bi maƙwabta yana gaya musu cewa Baba ya fara ruɗewa, yana fita ya manta hanya. Suka yi ta sa masa albarka, suna cewa irin wannan ɗa ya yi ƙaranci.

Yanzu a benci yake yini. Idan ya wuce kwanar layin, sai wayar matar ɗansa ta yi ƙara a cikin gida, ta leƙo ta taga ta ƙwala, "Baba, dawo!" Shi kuwa sai ya juyo.