Bindigar Toka da Gorar Barkono

Damina ta biyu bayan rasuwar mahaifinmu, gonar gindin dutse da ke yamma da Gozaki ta faɗo a rabona. Ƙasa ce mai albarka, sai dai da zarar masara ta yi goyo, birai kan sauko mata. Jagoransu wani ƙasurgumin gwaggon biri ne, wanda ya taɓa farke cikin karen wani manomi, ya kuma bar wa manomin tabo a cinya. Wannan masara ita ce abincin gidana na shekara, kuma ni kaɗai nake tsaronta.

Na gaji bindigar toka, ina kuwa saɓa ta da alfahari. Maƙwabcina na gona, wani dattijo Kirista, abokin mahaifinmu, shi 'yar gora yake ratayawa a wuya, cike da garin barkono gauraye da toka mai laushi.

Wata safiya ya dubi kafaɗata ya ce, "Ɗana, wannan baki ɗaya take magana. Kafin ka sake ɗura mata albarushi, gwaggo ya gama da kai."

Na ce, "Baba, barkono ai na miya ne."

Ya ce, "To, sai ka tambayi idon biri. Amma ka duba iska tukuna. In tana fuskantarka, kanka za ka yi wa miyar."

Ya cire gorar ya rataya mini. Don girmansa kawai na bar ta a wuyana.

Bayan kwana huɗu aka kwana ana ruwa. Da hantsi na shiga kunyoyin da ke kusa da dutse, sai ga shi zaune a gabana, bai fi taku biyar ba, yana ɓare masara. Mata da 'ya'ya suna bayansa. Bai gudu ba. Ya ɗaga gira, ya yi hamma don in ga fiƙoƙinsa.

Na ɗora bindiga a kafaɗa, yatsana a kan kunama. Nan na tuna a zaure mai yoyo ta kwana. In ta ƙi tashi, ko ta yi masa rauni kawai, ba ni da sauran dabara. Na dubi ganyen masara, na ga ya sunkuya wajen dutse, iska na shafar ƙeyata. Na sauke bindiga a hankali, na zare toshiyar gora, na watsa da dukan ƙarfina.

Ya yi atishawa kamar mutum, ya kama murza ido da hannu biyu, yana ja da baya yana tuntuɓe da kunyoyi. Sauran suka watse, suka haye dutse. Ni ma sai da na yi hawaye, don iska ba ta kwashe duka ba.

Da suka ɓace, na ɗaga bindigar sama na ja kunama don in san gaskiya. Ta tashi sarai, ƙararta ta cika dutsen. Har yau ban san yadda za mu ƙare da shi ba da ita na zaɓa.

Biran sun ci gaba da sata a kunyoyi uku na bakin dutse, amma gwaggon bai sake tsaya mini ba. Da kaka na cika rumbu, har na zuba ragowar a ɗaki.