Ranar da Aka Fitar da Mu Ba Mu Buga Ba

Shekara ashirin da biyu Odessa Tillman ta yi tana wanke rigunan 'yan wasan besbol, wato ƙwallon da ake duka da sanda, na kwalejinmu da ke kudancin Alabama a Amurka, amma ba ta taɓa kallon wasa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Ana wasa, tana ɗakin wanki. Da ganin wando take gane yadda aka kwashe: in jar ƙasa ta yi yawa a gwiwa, yaran sun yi ƙoƙari; in ya dawo fes, sai ta yi tsaki ta ce wannan zaman benci ya sha.

Ni ne direban motar ƙungiyar. A shekarar da Odessa ta cika sittin, kocinmu Burl Hatcher ya ce lallai a tafi da ita gasar ƙarshen kaka, wadda kwalejojin yankinmu ke haɗuwa su buga. Ta sa hular da take zuwa coci da ita, ta soya kaji cike da kwali, ta zauna a bayana.

Ranar Talata aka lallasa mu, takwas da ɗaya. Odessa ta share hawaye, ta ɗaure kayan datti cikin buhuna, ta zo ta ce in tayar da mota.

Na ce, "Mama, ina za mu?"

"Gida mana. Ko ba cinye mu aka yi ba?"

Koci ya yi dariya ya ce, "Sauke kayanki, Mama. Ƙungiya uku ce a rukuninmu, kowa wasa biyu zai yi. Muna da na Alhamis."

Laraba ba mu da wasa. Odessa ta yini a shagon wanki na garin da ake gasar tana goge kowace riga da buroshi, har yatsunta suka yi fari. Ba ta san cewa a filin wasa sauran ƙungiyoyin biyu suna karawa ba, kuma sakamakonsu ya riga ya rufe mana ƙofa. Kowa ya ɗauka wani ya gaya mata. Ni ma haka na ɗauka.

Alhamis yaranmu suka buga kamar ba su ba, suka ci tara da biyu. Odessa ta miƙe tana guɗa, hula ta faɗi, ta rungume wata mata da ba ta sani ba. Sai ta lura ita kaɗai ke murna. Yaranmu suna tattara sanduna kai a ƙasa, waɗanda muka doke kuwa suna ta raha.

Ta tare koci. "Burl, wa ya mutu?"

"Mama, gida za mu. Su ne suka wuce."

"Su wa? Waɗannan da muka gama casawa yanzu?"

Ya yi mata bayani: kowace ƙungiya ta ci ɗaya ta faɗi ɗaya, in aka yi kunnen doki kuma, wadda ta fi matsayi tun kafin gasar ita ke wucewa. Tun jiya maganar ta ƙare.

Ta dube shi, ta dube ni. "Tsaya. Mun sha kashi, kun ce in zauna. Mun ci, kun ce in tafi. Ranar da ba mu taɓa ƙwallo ba kuma, ran nan aka fitar da mu?"

"Haka ne, Mama."

"To na yau ɗin mene ne? Kun sa yara sun ɓata min wanduna a banza?"

Yaran da ke ta ƙunci suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta taka har teburin masu shirya gasar, wani mutum mai haƙuri ya zana mata komai a takarda, da layuka da kibiyoyi. Ta riƙe takardar har muka iso gida, tana juya ta sama da ƙasa.

Ranar Lahadi ta kai takardar wurin fastonsu, wanda tsohon malamin lissafi ne. Ya yi mako biyu da ita, sannan ya mayar mata ya ce lissafin daidai yake, sai dai shi ma bai ga dalilin wasan Alhamis ba. Odessa ta ƙara shekara huɗu a bakin aiki kafin ta koma birnin Mobile wurin 'yarta. Koci ya sake gayyatarta gasar sau biyu. Ta ce a gaishe su.