Riƙon Bahago

Ni bahago aka haife ni, kuma tun kafin in yi wayo mutane suka sa hannuna na hagu a gaba. A gidanmu can Tanda, in na kai shi cikin akushi, Inna takan kwaɗe shi da bayan ludayi, ta ce ba a gidanta zan yi wannan ƙazantar ba. A makarantar allo malam ya ɗora daga inda ta tsaya. Da aka kama ni aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, malaminmu da muke ce wa mushe ya gaji aikin, shi kuma da katakon jan layi yake yin nasa, a kan ƴan yatsu, da sanyin safiya. Kafin in fara gemu na iya ci da dama, rubutu da dama, miƙa abu da dama. Da na zama majo a asibitin Gaya, wato babban ma'aikacin jinya da ke ƙarƙashin likita, allura ma da dama nake yi, don babu tsohon da zai karɓi kinin daga hagun wani ko da zazzaɓi na jijjiga shi. Ban taɓa yin ƙorafi ba, na ɗauka haka duniya take.

A ƴan shekarun ƙarshe na mulkin Faransa aka kawo mana wani likita Bature, dogo, mai yawan gumi, da wata doguwar jakar fata da ba ya yarda kowa ya taɓa. Mun zaci bindigogi ne. Ashe sanduna ne masu kan ƙarfe, na wani wasa da ake ce wa golf. Wasan ba shi da wuyar bayani. Ƴar ƙwallo ce fara mai tauri, ba ta kai ƙwan kaza ba, ka yi ta dukanta daga nesa har ta faɗa rami, wanda ya kai da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Likita ya sa aka share masa fili a kan tudun bayan gari, inda ake hango kogi da jirgin fito yana rarrafawa zuwa gaɓar Dahome. Aka binne gwangwanayen tumatir shida, aka zuba yashi da baƙin mai kewaye da kowanne don ƙasa ta kwanta. Sauran filin kuwa tsakuwa ce da ƙarangiya da kashin awaki.

Matsalarsa ita ce babu abokin wasa, don sauran Turawan garin sun fi son zaman inuwa. Wata Lahadi bayan mun gama zagayen marasa lafiya ya ja ni tudun, ya miƙo mini sanda ya ce, “Majo, gwada.”

Sandunan duk na masu dama ne, don haka dole na tsaya yadda na ga ya tsaya. Amma hannuwana ba su nemi shawarata ba. Na dama ya kama can ƙarshen sanda a sama, na hagu ya sauka ƙasa da shi, ya zama shi ne mai jagora. Turawa akasin haka suke riƙewa, hagu a sama, dama a ƙasa, ni kuwa ban ma lura ba. Na ɗaga na saki. Ƙwallon ta tashi da wata ƴar ƙara mai daɗi, ta haye wata aduwa da likita ya yi wata biyu yana faɗa da ita, ta sauka ta gangara. Likita ya cire hularsa ya share goshi. Ya ce riƙona a juye yake, a littafi ba haka aka rubuta ba, amma tun da ƙwallon ba ta karanta littafin ba, in bar shi yadda yake.

Shekara biyu muka yi muna hawa tudun nan kowace Lahadi. Ba zan ɓoye ba, na so wasan fiye da yadda ya kamata magidanci mai ƴaƴa huɗu ya so wasa. Matata, ƴar bakin kogi ce, Badendiya, mai bakin da ba ya ajiye magana, takan ce ta ga mazan da ke bin kifi da mazan da ke bin zomo, amma mijinta ne na farko da ke bin abin da shi ya jefar da kansa. Ina jinta ina dariya. Abin da ban iya gaya mata ba shi ne, a duk faɗin rayuwata nan ne kawai hannuna na hagu yake aiki a gaban mutane a ce masa madalla. Sau da yawa ina cin likita, kuma bai taɓa ɓata rai ba.

Sai aka kawo wani injiniya don aikin hanya. Gajere ne, mai farin takalmi, wanda ya koyi golf a can ƙasarsu a kan ciyawar da ake aske wa kai. Ranar da ya fara zuwa tudun, na ɗaga sanda ke nan sai na ji an daka mini tsawa. Ya zo ba sallama ba neman izini, ya kama hannuwana biyu ya ɓamɓare su daga sandar, ya mayar da wannan sama wancan ƙasa, kamar mai gyara wa jaki kaya. Ina da furfura uku a gemu a lokacin. Na jira ya matsa, na mayar da hannuwana inda suka saba, na buga. Ranar na ci shi da bugu huɗu. Ya yi mini dogon bayani cewa sa'a ce, wai irin wannan riƙon wata rana zai ci amanata. Mutumin da damina ɗaya ta tafi masa da ƴan gadoji biyu shi ne yake ba ni labarin abin da zai daɗe.

Da a nan abin ya tsaya da ban rubuta wannan ba. Amma labarin ramukanmu ya tsallaka iyaka, Turawan Ingila da ke aiki can wajen Kamba a Najeriya suka aiko cewa mutum huɗu za su zo gasa nan da Lahadi uku. A Gaya Turawa uku ne suka san kan sanda daga gindinta: likita, injiniya, da wani mai sayen gyaɗa. Na huɗu dole ni ne, kuma kowa ya san ni ne na fi su duka.

Injiniya ya ce bai yarda ba. A gabana ya faɗa, yana magana da likita kamar ni turmi ne aka ajiye a wurin. Ya ce Ingilishi su ne masu wasan nan tun asali, in suka ga wannan riƙon za su koma suna dariya har Sakkwato, su ce Faransawa sun koya wa baƙaƙensu riƙon gatari. Ko majo ya gyara hannunsa cikin mako uku, ko ya zauna gida, su uku su buga. Na dubi likita, ina jiran ya maimaita maganarsa ta ƙwallon da ba ta karatu. Ya sunkuyar da kai yana cire ƙarangiya daga safarsa. Can ya ce, “Majo, ka je ka yi tunani.”

Na sauko daga tudun raina a ɓace, na tarar da matata tana tsince shinkafa a faifai. Na zayyana mata komai, ina tsammanin za ta taya ni zagin injiniya. Ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, “Malam, sandar ga taka ta?”

Na ce a'a, ta likita ce.

“Hilin hwa?”

Na ce shi ma nasa ne.

“To hannun hwa, shi ma na Annasara na? Ka ce musu ba ka yi. Su tahi su ukun su sha kashi, kai ka zamna nan ka ci shinkahwa.”

Na yi fushi da ita sosai, don gaskiya ta faɗa kuma ba ita nake son ji ba. Abin da nake so, bari in faɗe shi tsirara, shi ne a gan ni. Ina son in tsaya a tudun nan da farin wandona, Turawan ƙasashe biyu suna kallo, a ce ga majon Gaya. Na riga na ga kaina a wurin, na ji har abin da za a faɗa a kasuwa. Na yi ta ba kaina hujja: ai na sauya hannu a cin tuwo ban mutu ba, na sauya a rubutu har na zama ma'aikaci, mene ne sanda? Washegari na je na ce wa injiniya na yarda.

Bai taɓa jin daɗin wani abu a Gaya kamar makonnin nan uku ba. Kullum bayan la'asar yana tudun yana jirana. Ya tsaya a bayana, ya murɗa mini wuyan hannu, ya danna mini babban yatsa, ya ce sake. Kwanakin farko ƙwallon ko dai ta ƙi tashi ko ta yi dama ta shige karan gero na mutane. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Da safe in zan yi allura sai na ji hannun yana rawa, har wata tsohuwa daga Yelu ta tambaye ni ko ni ma zazzaɓin ne. Amma ni mutum ne mai naci, kuma na saba da irin wannan horo. A mako na uku ƙwallon ta fara tafiya sak. Ba ta nisa kamar da, ba ta kuma yin ƴar ƙarar nan mai daɗi, amma tana tafiya. Injiniya ya dafa kafaɗata ya ce yanzu na yi kama da ɗan wasa.

Ranar gasar Ingilishin suka iso da hantsi cikin mota biyu, fuskokinsu jajur. A cikinsu akwai wani dattijo mai lofe, likitan dabbobi ne, shi aka haɗa ni da shi. Ya gaishe ni da Hausar Sakkwatawa tsantsa, ya tambayi gida da iyali da gajiya, abin da injiniya bai taɓa yi ba ko da Faransanci. Aka ce baƙo ya fara. Ya ajiye ƙwallonsa, ya zaro sanda, ya tofa yawu a tafi, ya kama.

Dama a sama, hagu a ƙasa. Riƙona ne sak, ba ragi ba ƙari.

Na tsaya baki buɗe. Ya buga, ƙwallon ta haye aduwa ta tafi abinta. Na juya ina jiran dariyar da aka ce za a yi har Sakkwato. Babu wanda ya ko murmusa. Na dubi injiniya, sai na gan shi yana gyaɗa kai, har yana ce wa mai sayen gyaɗa wai wannan tsohon salo ne na gwanayen da, ba kowa ke iya shi ba. Wallahi da kunnena na ji. A hannuna riƙon gatari ne, a hannun Bature ya zama salon gwanaye.

Muna tafiya zuwa rami na biyu na kasa haƙuri. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba a taɓa ce maka ka sauya riƙon nan ba?”

Ya cire lofen daga baki ya ce, “Kullum ana ce mini, tun ina saurayi.”

“To me kake ce musu?”

“Ina ce musu to.” Ya mayar da lofensa ya ci gaba da tafiya.

A rami na uku na ce yau sai dai injiniya ya mutu. Na mayar da hagu ƙasa, dama sama, na ɗaga da dukan fushin da ke cikina na saki. Sandar ta daki ƙasa, tsakuwa ta watse, ƙwallon ta mirgina taki goma ta tsaya kusa da kashin akuya. Na sake, ta yi hagu ta shige ƙaya. Na koma sabon riƙon, shi ma ya watsa mini ƙasa a ido. Haka na ƙarasa ramukan ina sauya hannu kamar mai neman inda zai kama tukunya mai zafi. Dattijon har taya ni ya yi neman ƙwallo a cikin ciyawa, abin da ya fi zagi zafi. Suka cinye mu tas. Da ake shan ruwa a gindin aduwa na ji injiniya yana ba baƙi haƙuri, wai ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ba a mayar da mutum ɗan wasa cikin mako uku.

Lahadin da ta biyo baya na hau tudun ni da likita kawai. Na ce yanzu babu mai kallo, hannuna zai tuna. Na kama yadda na saba, amma da na ɗaga sai na ji kaina yana lissafi: ina babban yatsa, ina wuyan hannu, wanne ke ja, wanne ke bi. Da can ban taɓa sanin akwai waɗannan tambayoyin ba. Hannuwan suka shiga gardama a sama, kafin su shirya sandar ta riga ta sauko. Likita ya ce in ba tsohon riƙon lokaci, zai dawo. Na ba shi har aka yi girbi, aka sussuke gero, ruwan kogi ya ja baya. Wani lokaci bugu ɗaya ya yi kamar zai yi, na gaba ya tona mini asiri.

Wata rana muna saukowa likita ya tsaya ya ce, “Majo, da na yi magana ran nan.”

Na ce, “Da ka yi, likita. Amma ba kai ka je wurin injiniya washegari ba.”

Daga nan ban ƙara hawa tudun ba. Na daɗe ina zagin injiniya, kuma har yau in na tuna farin takalminsa sai na yi tsaki. Amma fushin da ya fi daɗewa a raina ba nasa ba ne. Na yi ta juya abin, na duba ta kowace fuska, ko zan sami inda aka fi ƙarfina, ban samu ba. Ba aikina aka ce za a karɓe ba, ba gidan yari aka ce za a kai ni ba. Da na ce a'a, iyakar abin da za su iya yi mini shi ne su hana ni wasa Lahadi ɗaya.