Shirun da Na Bari a Cikin Kaset

Kakata Dudu ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo, an zuba wa tukunya ruwa don ƙanzo ya jiƙa. A wani ƙauye muke, gefen Sule Tankarkar, inda rijiya take da zurfin da in ka leƙa sai ka ga ruwan kamar idon kaza. Bayan sallar isha'i sai ta jawo sauran garwashin murhu, ta karya kara ta ɗora, mu kuma mu kewaye ta, ƙafafu a miƙe wajen wuta. Har yau in na ji ƙamshin hayaƙin kara, muryarta nake ji.

Tana da tatsuniyoyi kamar gero a rumbu, amma wadda ta zauna mini a rai ita ce ta Hanne.

Hanne yarinya ce da gugan uwarta ya faɗa rijiya, ta ce ita za ta shiga ta ɗauko. Da ta kai ƙasa sai ta tarar da gari guda a ƙarƙashin ruwan. Sarkin garin ya karɓe ta, ya miƙa mata wata ƙwarya. In ka leƙa cikinta, duk abin da ranka yake so za ka gani: makaɗa da 'yan rawa, dambe, kasuwannin garuruwan da ba ka taɓa zuwa ba, har labarin abin da ya faru jiya a bayan duniya. Hanne ta zauna kallo, ta manta da guga, ta manta da gida. Uwarta kuwa tana bakin rijiya, ta zura igiya, tana waƙa:

"Hanne, Hanne, igiya ta sauka, kina ina?"

A nan Kaka Dudu take yin shiru. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya sai mu yara mun haɗa baki mun amsa a madadin Hanne:

"Ina nan, Inna, ja ni a hankali."

Sai mun amsa sannan yarinya take ajiye ƙwarya ta kama igiya.

Wata rana aka gasa mana gyaɗa, kowa bakinsa cike. Kaka ta yi kira, kowa ya bar wa ɗan'uwansa amsa. Ta jira. Ta sake kira, muna ta tauna. Sai ta miƙe ta kakkaɓe zanenta.

"To, tunda ba ta amsa ba, uwar ta naɗe igiyarta. Sai da safenku."

Muka ɗauka wasa take. Ashe da gaske ne. Da gari ya waye na bi ta ina kuka, na ce ta fito da Hanne. Ta ce, "Ke, wa ya taɓa yin tatsuniya da rana? Ki jira dare." Yini guda yarinyar nan tana cikin rijiya saboda mu. Da na raka mahaifiyata ɗiban ruwa, sai na leƙa rijiyarmu na rera amsar da ƙarfi, har na sha rankwashi. Daren nan kuwa, kafin Kaka ta rufe baki na amsa. Ta yi dariya ta ce, "Yauwa. Ni nawa kira ne kawai. Ku ne kuke fito da ita."

Yanzu ni ce kakar. A Gumel nake, gidan ɗana Sani, direban babbar mota. Ban taɓa zama a aji ba, amma a unguwarmu a tambaya a ji: in ni Tabawa na buɗe baki, har matan aure suna laɓewa a bayan danga. Haka ake har bayan da aka yanke mana Jigawa daga Kano. Sai ga Sani wata ranar kasuwa ya dawo daga Maigatari da talabijin da bidiyo a cikin kwali. Ranar da aka kunna, na leƙa, na ga mutane suna rawa a kan dutse, na ce a raina, af, ga ƙwaryar nan ta iso.

Jikokina suka watse. In an kawo wuta, tabarmata ba kowa. Yarinya ɗaya ce ta rage mini, Rifkatu, 'yar maƙwabcinmu Malam Yohanna, malamin gona, mutumin Filato. Ita ma takan leƙa bidiyon, amma sai ta dawo ta zauna jikina ta ce, "Kaka, su can ba sa jira na." Ita kaɗai take amsa mini kiran Hanne, da 'yar muryarta kamar ta tsuntsu. Na riga na sa a raina cewa a bakinta tatsuniyar Kaka Dudu za ta rayu.

Sai aka yi wa ubanta canjin wurin aiki, ya kwashe iyalinsa suka koma gida. Na daina hura wutar ma. Wa zan kira?

Bayan 'yan makonni Malam Yohanna ya dawo kwasar sauran kayansa. Da magariba ya yi sallama, rungume da rediyo mai kaset.

"Mama, ƙawarki ta hana mu sakat. Ba ta barci sai kuka, wai Hanne tana rijiya. Ki taimaka ki yi mata a nan in kai mata."

Na sa aka hura wuta, don ni ba na tatsuniya a bushe. Ya danna, na fara. Komai ya tafi daidai har na zo wurin kira. Na rera, na yi shiru.

"Mama, ci gaba, kaset yana tafiya."

"Wa ya amsa?"

"Ai inji ne, ba ya amsawa."

"To yarinya tana rijiya ke nan."

Ya sosa kai ya ce bari shi ya amsa. Na ce, "Da wannan muryar taka kamar ta motar Sani? Ai uwar sai ta saki igiya ta gudu." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce to in tsallake wurin, in ce kawai ta amsa. Na ce ba a yi mini haka ba, ni ma ba zan yi wa 'yar mutane ba.

Na yi tunani, na ce ya mayar da kaset ɗin baya. Na sake kira, na bar kaset ɗin yana ta juyawa a banza, ina rera amsar a zuciyata, a hankali, yadda Rifkatu take ja. Da na ƙare sannan na ci gaba. Na ce, "Wannan shirun nata ne. Kada wanda ya taɓa shi. Kuma kada a kunna mata da rana."

Yana naɗe waya yana ce mini, "Mama, an ce nan gaba rediyo da talabijin da bidiyo da tarho duk abu ɗaya za su zama. Ki yi magana a Gumel, ta gan ki a Filato, ta amsa miki nan take."

Na ce, "Su yi ta haɗawa. Kakata ta riga su gani."

Bayan kaka, an gama kai amfani gida, wani direba ya kawo mini kaset daga Filato, a ƙunshe cikin leda. Sani ya sa mini a rediyonsa. Muryata ce, da ɗan shuu a bayanta; ashe rediyo biyu suka jera, ɗaya yana faɗa, ɗaya yana ɗauka. Na ji kaina ina kira. Shirun ya zo. Sai ga Rifkatu:

"Ina nan, Inna, ja ni a hankali."

Ba ita kaɗai ba. Muryoyi ne rututu a bayanta, yaran da ban taɓa gani ba, da Hausarsu ta can, wani ma yana cewa "ja ni da hankali". Ban san hawaye yana zuba ba sai da surukata ta miƙo mini gefen mayafinta.

Akwai wuta a ranar, bidiyo yana ta yi a ɗaki. Amma jikokina da suka ji yara suna waƙa sai suka fito ɗaya bayan ɗaya. Babbar ta ce, "Kaka, ai tamu ce wannan, ya aka yi 'yan Filato suka iya?"

Na ce, "Da kuka bar ta a rijiya, su suka ciro ta."

Na daɗe ina ɗauka ƙwaryar ce muguwa a tatsuniyar nan. Da na tsufa na lura Kaka Dudu ba ta taɓa cewa a fasa ta ba. Na gode wa Allah da ya nuna mini inji ya kai kirana inda ƙafata ba za ta je ba, ya kuma dawo mini da amsa. Ni ma yanzu ina kallon bidiyon, har ina yi wa masu dambe ihu. Abin da Malam Yohanna ya ce yana zuwa, ko zan gan shi ko ba zan gani ba, roƙona ɗaya ne ga masu ƙera shi: su bar wa yaro wurin da zai sa bakinsa.

Daren nan na hura wuta, na karya kara na ɗora. Na ce, "Hanne, Hanne, igiya ta sauka, kina ina?" Na yi shiru. Ban daɗe ina jira ba.